Wata Uku a Bencin Baya Saboda Mutumin Ƙarfe

Ranar aurena ma wasu abubuwan sun shige mini duhu, amma abin da ya ɗaga auren nan har wata uku, shi kam ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina. Fim ne ya jawo, ko kuma in faɗi gaskiya, bakina ne.

A shekarun saba'in ne, ina koyarwa a wata firamare a Kafanchan, saura mako shida a ɗaura mini aure a coci. A ikilisiyarmu ta lokacin, shiga sinima laifi ne babba. Wanda aka kama, dattawa su sa shi ƙarƙashin horo: ya koma bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, ba waƙa, fasto kuma ba zai ɗaura masa aure ba sai horon ya ƙare. Maza dai akan kau musu da kai. Mace kuwa, balle 'yar ƙungiyar mawaƙa irina, ba ta da wannan gatan.

Ni kuma ga ni da jarabar son fim. Matar yayana mai aikin reluwe ce ta koya mini. Mu yafa gyale kamar Hausawa, mu shige da wuri, mu lafe a lungu. Na Indiya, na kaboyi, tsofaffin nan marasa kala, duk na kalla, ba wanda ya taɓa sani.

Wahalata ita ce ofishin malamai ranar Litinin, lokacin tara. Nan maza ke baje kolin finafinan da suka gani. Wani ya ce ba fim sai na kaboyi, domin a can namiji ba ya surutu, bindiga ke magana. Wani ya ce tsofaffin marasa kala sun fi hankali, na yanzu hayaniya ce kawai. Shugaban musun shi ne malamin lissafi, mutum mai murya kamar ƙahon jirgin ƙasa, wanda bai taɓa yarda an kayar da shi ba. Ni dai ina gefe ina duba littattafan yara, ina cizon leɓe.

Sai aka kawo wani fim na mutanen da suka hau jirgi zuwa wata duniya a sararin sama, tare da wani mutum na ƙarfe mai yi musu aiki. Na kalle shi ranar Asabar, har na yi kuka. A ƙarshe mutumin ƙarfen nan ne ya tokare ƙofar jirgi da jikinsa, wuta na cinsa, har mutanen suka tsira.

Ranar Litinin malamin lissafi ya gyara zama ya ce, "Wannan fim shirme ne. Injin nan shi ne mugu, shi ya kashe kyaftin. Bature yana nuna mana kada mu yarda da inji, shi ke nan."

Na daure. Ya maimaita, sauran suna gyaɗa kai. Da ya faɗa karo na uku, ban san lokacin da na ajiye jan biro ba.

"Wallahi ba haka ba ne! Kyaftin da kansa ya buɗe ƙofar. Injin ne ya cece su, har hannunsa ya narke. Wane irin kallo ka yi?"

Kowa ya juyo yana kallona. Malamin lissafi ya dube ni ya ce, "Mis, yaya ka sani?"

A lokacin na tuna hedimasta na zaune bayan kabad yana cika rajista. Shi kuwa dattijon ikilisiyarmu ne.

Bayan an tashi ya kira ni ofishinsa. Mutumin kirki ne, abokin mahaifina, kuma na ga bai so abin ba. Ya ce, "'Yata, wataƙila yayanki ne ya ba ki labarin fim ɗin, ko? In haka ne, magana ta ƙare a nan."

Ƙofa ce ya buɗe mini, na kuma gane. Zan so in ce tsoron Allah ne ya hana ni ƙarya, amma a shekaruna na yanzu ba zan yaudare ku ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in na ce labari aka ba ni, gobe malamin lissafi zai ce ai shi ya gani da ido, ni ji na yi. Sai na ce, "Baba, da idona na gani."

Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "To, dole in kai wa dattawa."

Wata uku suka yanke mini. Iyayen saurayina a Kachia sun riga sun ware akuya da acca, an gaya wa dangi har Gwantu, duk aka warware. Mahaifiyata ta yi mako ba ta amsa gaisuwata ba. Shi saurayin bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Saboda inji?" Lahadin farko da na zauna a bencin baya, 'yan ƙungiyarmu suna waƙar da ni na koya musu, kunya ta kusa kashe ni. Abu ɗaya nake rarrashin kaina da shi: ko ba komai na kayar da malamin lissafi.

A mako na uku malamin lissafin ya same ni a bakin aji, yana sosa ƙeya, muryar nan ta koma ƙasa.

"Mis, ka yi haƙuri da abin da ya same ka. Ni fa ban ma shiga fim ɗin ba. Hoton da aka manna a bango na gani, injin yana da jan ido, sai na ce shi ne mugu."

Na tsaya da alli a hannu, na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Na sayar da ranar aurena don in ci musu da mutumin da hoton bango kawai ya kalla.

An ɗaura auren daga baya, mun kuma tsufa tare. Amma tun daga ranar, duk wanda ya taso mini da musu, kan fim ne, kan siyasa ne, ko kan rayuwar wani, sai na fara tambayarsa, "Ka gani da idonka?" In ya fara kame-kame, sai in kama bakina in bar masa nasarar, domin na san abin da tawa ta ci mini.