Ƙahonin Enzi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar kekuna ta bakin kogin Drau, daga tsohuwar gada zuwa majami'ar kan tudu, ya san Notburga ko da bai san sunanta ba. Ita ce tsohuwar nan mai jan ɗankwali da ke tsayuwa a ƙofar shinge tana yi wa mutane ruwan zagi. Masu yawon buɗe ido suna zuwa kallon duwatsu da koren ruwa da gonakin tuffa, su koma gida da labarinta.

Zafin zuciyar gado ta yi. Ubanta mutum ne mai saurin hannu. Tana 'yar shekara goma sha biyu ya damƙa mata guduma, ya zana layi biyu da alli a goshin wani bijimi, daga kowane ƙaho zuwa idon ɗaya gefen, ya ce inda suka haɗu nan za ta buga. Ta yi kuka, ya kwaɗa mata mari, ta buga. Tun ranar ba a sake ganin hawayenta ba, ko a ranar da tarakta ta kife da mijinta Blasius a gangaren gona ta niƙe masa ƙirji.

A ranar jana'izar tasa ce wata saniyarsu ta kasa haihuwa. Notburga ta baro mutane a maƙabarta, ta shiga garke da baƙaƙen kayanta, ta zura hannu har kafaɗa ta jawo maraƙa. Uwar ba ta kai yamma ba. Maraƙar kuwa a kicin ta girma, kusa da murhu, tana shan madara a kwalba. Ita ce Enzi. Notburga ba ta haihu ba, kuma ba ta ɓoye cewa saniyar nan ta fi mata duk dangin mijinta ba.

A kwarin nan kowa ya daina barin shanu da ƙaho. Maraƙi na 'yan makonni ake kiran likitan dabbobi ya yi masa allura, ya ƙone tushen ƙahon da ƙarfe mai zafi. Notburga kaɗai ta ƙi. Vinzenz, ƙanen mijinta, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tata, ba ya gajiya da tsokanarta.

"Matar yaya, ke da saniyarki ban san wadda ta fi bukatar a ƙone mata ƙaho ba."

"Kai aka ƙone wa naka tun ranar aurenka, ga ka nan sai yadda aka yi da kai. Wanda ya halicce ta da ƙaho ya fi ka hankali."

Da majalisar ƙauye ta ce za ta shimfiɗa hanyar kekuna ta tsakiyar makiyayarta, sai da Notburga ta juye wa shugaban majalisar bokitin kashin shanu a ka, a gaban jama'a. Kotu ta ba su gaskiya. Aka zuba kwalta, aka sa ƙofa a kowane ƙarshen makiyayar, aka hana mota shiga. Daga nan kuwa sai Allah ya kawo masu kekuna, garke-garke, da hulunan kwano da matsattsun kaya, suna kaɗa wa shanu ƙararrawa wai su ba su hanya.

Ba kekunan ne damuwarta ba, karnukan ne. Saniya mai jego ba ta raba kare da kyarkeci. Kowane yaro a kwarin ya san abin yi: in saniya ta taso maka, saki karenka. Ya fi ta gudu, za ta bi shi ta ƙyale ka. Mutanen birni kuwa akasin haka suke yi, su sunkuci karen su rungume. Notburga ta rubuta gargaɗin da jan fenti a jikin ƙofofin biyu, da harsuna uku. Suna tsayawa su ɗauki hoton rubutun, su wuce.

Bara Enzi ta ɗaga keken wani mutum ta wurga a rami. Mutumin bai ji ciwo ba, amma takarda ta zo daga hukuma: in ta sake taɓa wani, yanka ta za a yi. Notburga ta cusa takardar a murhu, sai dai maganar ta zauna mata a rai.

Wata Asabar da hantsi, mako uku bayan Enzi ta haifi maraƙa, Notburga na kafa turakun shinge a bakin kogi, Vinzenz na riƙe mata tana bugawa da guduma. Sai ga wata mata ta shigo a kan keke, da ɗan farin kare yana gudu a gefenta, igiyarsa ɗaure a ƙugunta. Ta hango maraƙar kwance cikin ciyawa, ta taka birki, ta sauka, ta ciro waya. Karen ya fara haushi.

Enzi ta ɗago kai. Ta sunkuyar da shi, ta karci ƙasa sau ɗaya.

"Saki karen!" Notburga ta kwarma ihu. "Ke! Kwance igiyar!"

Matar ta waiwayo, ta ga abin da ke tahowa, ta duƙa ta ɗauki karen ta ƙanƙame shi a ƙirji.

Karon farko keken ya samu, ya lanƙwashe kamar waya. Na biyu ya sami matar a cinya. Ƙahon ya shige, Enzi ta ɗaga ta sama ta maka a kan kwalta, hular kwanon ta tsage biyu. Matar ba ta saki karen ba. Saniyar ta durƙusa a kanta tana murza ta da goshi, ana jin ƙasusuwa na ƙara.

Notburga ta iso da gudu irin wanda ta manta tana iyawa. Ta kama wuyan karen ta ja, matar ta ƙara riƙewa, tana kuka da wani harshe. Notburga ta zabga mata mari, ta fizge karen, sai igiyar ta riƙe shi a ƙugun matar.

"Wuƙa, Vinzenz! Kai, wuƙa!"

Kafin ya zaro ta daga aljihu, Enzi ta juyo ta ɗauki Notburga da gefen ƙaho ta watsar. Notburga ta ji haƙarƙarinta sun karye, bakinta ya cika da jini. Wannan ce saniyar da ke cin burodi daga tafin hannunta. Ta kira sunanta, ta sake kira da muryar da take kiranta tatsa. Enzi ko kallo, ta koma kan matar. Vinzenz ya yanke igiyar, ya jefa karen cikin kogi, amma an makara. Saniyar ta daina ganin kare, ƙahonta na neman cikin matar.

Gudumar na nan cikin ciyawa inda ta faɗi. Notburga ta rarrafa ta ɗauka, ta miƙe. Ba ta bukatar alli. Goshin nan ta shekara goma sha ɗaya tana sosa shi kowace safiya, ta san inda layukan suka haɗu. Ta ɗaga da hannu biyu ta sauke.

Enzi ta zube a kan gwiwoyinta, ta kife gefe guda, ƙafafunta na shure-shure. Vinzenz ya ƙarasa ta da wuƙarsa. Jinin ya malale kwaltar har bakin ruwa. Wasu masu kekuna sun yi cirko-cirko a ƙofa, ɗaya na riƙe da waya sama.

"Sauke abin nan ko in fasa maka kai da ita!" Notburga ta nuna masa gudumar. Ya sauke.

Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauki matar. Ta rayu, ko da yake an ce ba za ta sake hawa keke ba. Karen ya yi iyo ya fita can ƙasa da gada, ko ƙwarzane babu. Notburga ta kwana huɗu a asibiti, a na biyar ta sallami kanta, don maraƙar ta ƙi karɓar kwalba daga hannun kowa.

Vinzenz ya same ta a kicin, maraƙar na kwance kusa da murhu.

"Hukuma ta ce ba ki da laifi, matar yaya. Rubutunki na nan a ƙofa."

"Na tambaye ka? Je ka kira mini likitan dabbobi."

"Ba ta da lafiya ne?"

"Lafiyarta ƙalau. Ka ce ya taho da ƙarfensa."

Vinzenz ya gane ƙahon maraƙar za a ƙone. Shekara da shekaru yana jiran ranar nan don ya yi mata dariya, yau ga ta ta zo, sai kawai ya tafi kiran likitan.

Da likitan ya yi allurar, ya ce Vinzenz ya riƙe kan, tunda ita haƙarƙarinta a ɗaure suke. Ta ce ba mai riƙewa sai ita. Ta zauna a ƙasa, ta ɗora kan maraƙar a cinyarta, ta lalubo masa ƙananan tsiron ƙahon biyu da yatsa. Ƙarfen ya sauka, ƙaurin gashi ya cika kicin ɗin. A waje ana jin ƙararrawar kekuna suna wucewa. Likitan ya ɗago zai ce an gama gefe ɗaya, sai ya ga fuskarta jiƙe sharkaf, ya kau da kai.

"Me kake jira?" in ji ta. "Saura ɗayan."