Ranar da Na Wanke Jirgin Malam

Ni ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba. A wancan zamani babu dogo a ƙasarmu, ko taku ɗaya. Amma na yi shekaru masu yawa ina zaune da mutumin da jirgi ke gudu a cikin kansa, Allah ya ji ƙansa.

Maigidana, tun kafin ya aure ni, ya yi samartakarsa a ƙasar Dahome yana zuba wa kan jirgi wuta, daga Paraku har bakin teku. Da ya dawo aka ɗaura mana aure, muka baro Maraɗi muka zauna Yamai, ya samu gadi a wani biro, wato ofis. In an tashi aiki, wasu maza su tafi dara, wasu su tafi hira gindin itacen bedi. Shi sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jawo gwangwanaye da almakashi, ya yi ta yanka yana lanƙwasawa, har ɗan kan jirgi ya fito da bututunsa da ƙafafunsa.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi. Makiyaya suka cika Lazare, sansanin 'yan gudun yunwa a bakin gari, babu ko akuya a bayansu. Soji suka karɓi mulki. Muka koma cin jar dawar taimako, wadda tuwonta ba ya kama ciki. Abu ɗaya farin ya kawo a wadace, shi ne gwangwani, na madarar gari da na mai. In na yi layi na karɓo, yara su jira abin da ke ciki, Malam ya jira a juye a ba shi.

A shekarar ce yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya san abin da ke tafe. Ya ce zai ƙera na ƙarshe tun yana gani, kuma ba kowane jirgi ba, wanda ya yi wa aiki da hannunsa. Wata biyu yana ƙira. Ya ɗaura gashin wutsiyar akuya a tsinken tsintsiya, ya shafa baƙin fenti a jiki, ja a ƙafafu. Ran da ya nuna mini, jirgin na sheƙi kamar kwanon amarya.

Ba na yawan shiga zaure, wurin maza ne. Jajibirin Sallah na shiga shara, Malam ya tafi aski Babbar Kasuwa. Na tarar da jirgin ya dushe, baƙi-baƙi a sama, ja-ja na gangarowa a gefe, kamar an tsamo shi daga juji. Zuciyata ta karye. Na ce idon bawan Allah ya kai inda ba ya ganin datti, ga baƙi za su zo gobe. Ruwa kuwa a lokacin sai an lallaɓa mai garuwa. Na ɗebi rabin ƙwarya daga wanda na ɓoye, na samo toka da soso, na dirje shi tas.

Da ya dawo na tare shi da murna.

"Malam, ga jirginka, na fid da kai kunya."

Ya kawo shi dab da hancinsa, ya juya, ya sake juyawa. Ya shafa bayansa da yatsa.

"Uwar yara, me kika yi masa?"

"Wanka. Ko so kake a ce gidan nan ba mace?"

"Sati uku na yi ina sa masa dattin nan."

Na tsaya da soso a hannu. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya ce, "Wannan da kika ba ni bai taɓa zuwa ko'ina ba. Nawa kuwa ya sha hanya."

Bayan Sallah ya gwada maidawa. Ido ya riga ya ƙara ja da baya. Ya ɗebo baƙin tukunya zai sa a bututu, sai ya sauka a kan babban yatsansa. Kwana biyu yana fama, a na uku ya tura jirgin ƙarƙashin benci. Ya daina zama a zaure. Tuwo ma sai ya taɓa ya ture.

Ni na ɓata, ni na jawo shi na ajiye a gabansa, na ɗauki tsinken.

"Ke da ba ki san gaban jirgi da bayansa ba?"

"Na san gindin tukunya. Faɗa mini inda hayaƙi ke kwanciya."

Ya gyara zama.

Haka muka fara, kullum bayan la'asar. Na kankaro baƙin tukunya na dama da ƙaro don ya kama. Ya ce hayaƙi baya yake kwantawa, domin iska ke tura shi, ya yi kauri kusa da bututu ya tafi yana sirancewa. Tsatsa jar ƙasa ce, daga kan kowace ƙusa take gangarowa kamar sawun hawaye. Inda ruwa ke ɗiga, a ɗan taɓa farar toka. Da na kai ƙarfen bakin ƙofa zan shafa, ya riƙe mini hannu.

"Nan ki bar shi da haskensa. Nan muke kamawa mu hau, tafin hannu ya goge shi."

A cikin kwanakin nan na ji abin da bai taɓa gaya mini ba tun aurenmu. Itatuwan kwakwa da ke gudu baya. Matan tasha masu miƙo doya ta taga. Abokinsa da tururi ya ƙone wa hannu, yana dariya don kada a sallame shi. Yana magana ina shafawa, yana cewa, "Ƙara kaɗan a hagu," alhali ba ya ganin hagun.

Ran da na gama na ɗora masa a cinya. Ya bi shi da yatsu daga gaba har baya, ya sunsuna.

"Ya yi datti?"

"Har kunya nake ji."

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba. A ranar ya cinye tuwonsa, har ya nemi ƙari.

Damina biyu ya ƙara a duniya. Ko na sa tsatsar daidai, ko na karkata hayaƙin inda bai kamata ba, har yau ban sani ba, mai faɗa mini ya tafi. In la'asar ta yi, inuwa ta kai bakin zaure, sai in ji kunnena na jiran a ce in ƙara kaɗan a hagu.