Sassaƙen da Ya Zo Hayyin Ashir a Cikin Safa

Har yau ban tabbata na bi hanyar da ta fi ba, amma haushin bai sake ni ba.

Shekarar da na fara digiri na biyu a fannin tsirrai a Giza, malamarmu, wata dattijuwa Bamisriya da muke kira Daktora, ta samo mana izinin shiga wani gandun daji a kan duwatsu, a wata ƙasa mai sanyi. Gandu ne da hukuma ke karewa. Itatuwansa sun tsufa ƙwarai, gansakuka ta lulluɓe gindinsu, wasu ma mutum huɗu ba sa iya zagaye su da hannu. A kansu zan rubuta kundina, kuma sai na sake komawa kafin in gama awo.

Gurbi ɗaya ya rage a tafiyar. Abokin zamana a unguwar Hayyin Ashir ɗan garinmu ne, ya girme ni, ina ce masa Yaya, yana karatun harhaɗa magunguna. Ya matsa in sa baki a tafi da shi. Na yi ta jan ƙafa, daga baya na tsaya masa a gaban Daktora. Dukanmu muka sa hannu a takarda cewa ko busasshen ganye ba za mu ɗauka ba.

Mako guda da dawowarmu, na sauka daga mota bayan la'asar, tun daga matakala nake jin wani wari mai ɗaci. Na tarar da Yaya a kicin yana juya tukunya. A kan faranti ga ɓawon itace, tsawon kamu biyu, an kakkarya shi. Na gane shi tun kafin in taɓa, domin kwana uku na yi ina auna itacen da yake da irin wannan zane.

"Yaya, ina ka samo wannan?"

"Inda ka kai ni mana. A safa na zuba shi, ba wanda ya duba. Rabi na tsohuwata Hajiya ne, ka san ciwon gwiwarta. Itacen da ya kai wannan shekaru ai ba ya rasa magani."

"Da me ka sassaƙa?"

"Da wuƙarka. Tana da kaifi, tubarkalla."

Na ce masa mun sa hannu. Ya yi dariya ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, malamin itatuwa. A gida wa ke neman izini kafin ya sassaƙi maɗaci? Ko kai da sassaƙe aka yaye ka."

Gaskiya ce ya faɗa, shi ya ƙara ƙona min rai. Na san maɗacin bakin kasuwarmu, na kuma san yadda ya ƙare: kowa ya yanki kaɗan domin mahaifiyarsa, har ya bushe a tsaye. Kuma mutumin da ke karatun magani bai ma san sunan abin da yake dafawa ba.

Kwana biyu ina saƙa da warwara. A wuri mai laima irin wancan, rauni a jikin tsohon itace ƙofa ce ga ruɓa. In an sanar da masu gandun da wuri, wataƙila su yi wani abu. In na yi shiru kuma, ba mai sani, sunana yana nan cikin masu komawa. Na ce wa kaina wataƙila raunin ƙarami ne. Sai in tuna kamu biyu.

Ran na uku na kwashi abin da ya rage a leda zan kai wa Daktora. Yaya ya tare ƙofa. "Ƙanena, a kan ice za ka tona wa ɗan'uwanka asiri a ƙasar mutane?" Na ce masa lambar da masu gandun suka sa wa itacen kawai zan faɗa, ba sunansa ba. Hakan kuwa na yi niyya, amma Daktora ba yarinya ba ce. Ta duba ledar ta ce, "Kai ka tsaya masa." Na ce ni ne. Ta ce, "Khalas, shi ke nan. Zan rubuta wa masu gandun yau. Ba zan iya sake sa sunanka ba, ka sani."

Na sani. Kundina ya koma kan itatuwan bakin titi a Giza, masu shan hayaƙin motoci. Ba laifi, aiki ne shi ma. Yaya ya bar gidan, ya gaya wa 'yan garinmu cewa boko ya cinye ni, wasu har yau gaisuwarsu a taƙaice take. Masu gandun sun amsa cewa sun ga raunin. Ko itacen zai warke, ba su ce ba, ni ma ban sani ba.

Rabon Hajiya kuwa ya riga ya tafi. An ce ta sha, gwiwar tana nan yadda take.