Ghewarchand da Faɗuwar Rana

A duk birnin Bikaner na ƙasar Indiya ba a yi mai gaskiya kamar Ghewarchand mai sayar da yadi ba. Bai taɓa yin ƙarya ba, abin da ya zo masa da sauƙi tunda ba ya cika magana. Kamar kowane mai bin addinin Jain da ya zauna gaban malamai, ya san magana iri huɗu ce: gaskiya, ƙarya, gaurayensu, da wadda ba ta ɗaya daga ciki, irin su "miƙo gishiri". A ta huɗun ya ƙare rayuwarsa.

Da tsufa ya zo, matarsa Umrao ta makance, ciwo ya cinye ta. Likita ya ce in ba ta cinye abincin yamma ba, ba za ta kai damina ba. Ita kuwa tun tana yarinya ba ta taɓa kai loma baki bayan faɗuwar rana ba, kada ta haɗiye wani ƙwaro a duhu. Ga shi yanzu cin nata a hankali yake.

"Baban Nirmala, rana ta faɗi?"

"Ci abincinki."

"Tambayarka na yi, ba wa'azi na nema ba."

Sai ya hau soro da gwiwoyinsa masu ƙara, inda rana ke ɗan jinkiri, ya leƙo. "Ina ganinta."

Wata yamma ya hau ya tarar rana ta tafi, sai ja-ja a sama. Kwanon shinkafa da wake kuwa ko rabi Umrao ba ta ci ba. Ya daɗe a tsaye yana auna kalmomi kamar yadi.

"Akwai sauran haske," in ji shi.

"Haske, ko?"

"Haske."

"To, sauko kafin ka faɗo mini a ka, tsoho."

Ta cinye tas. Haka suka yi ta yi har damina ta zo ta wuce, ta kuma zagayowa. Kullum yakan sauko yana lissafin a wane aji maganarsa ta faɗa, yana kuma jin daɗin cewa nauyin a kansa yake shi kaɗai, tunda ita ba ta sani ba.

Umrao makauniya ce, ba kurma ba. Masallacin marina yana bayan gidansu, kuma ladaninsu bai taɓa makara da kiran magariba ba.