Injin Ya Falmata da Bencin Masu Jira

Har gobe ban manta da ranar da na ɗauki kwamfutata na bar ofis mai fanka na koma bencin masu jira na zauna ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya kun tarar da labarin ya zama abin dariya, har ana cewa yajin aiki na yi. Ba yaji ba ne, bari ku ji yadda aka yi.

Lokacin ni ce jami'ar tsara ayyuka a babban wurin gyaranmu na Nguru, inda ake kwance injinan ban-ruwa da janareto da injinan niƙa a sake haɗa su. Muna da ƙaramin ofis a Gashuwa da ke karɓar kaya ya turo mana. Ba a daɗe da kawo mana wata manhajar kwamfuta ta bibiyar aiki ba. Duk injin da ya shigo sai a buɗe masa katin aiki a kwamfuta, katin ya riƙa tafiya daga "an karɓa" zuwa "an kwance", "ana jiran kaya", "ana haɗawa", "an gwada", har a miƙa wa mai shi. Duk ƙarfen da ya fita daga sito a kan katin ake rubuta shi. Katin da ya wuce wa'adinsa kuma sai ya koma ja.

Sai dai akwai tsarin da ya girmi manhajar, wato benci. A gindin dalbejiyar da ke ƙofar wurin gyaran aka ajiye shi. Mai injin da ya zo ya zauna a kai, ya yi gaisuwa, ya raba goro, ya zuba wa makanikai ido, to nasa za a fara taɓawa. Ba mugunta ba ce, kunya ce irin tamu: ba a iya kallon mutum yana zaune a wuce kayansa. In kuwa an rasa wani ƙarfe, sai a zare daga injin wanda bai zo ba a sa wa wanda ya zo. Makanikai na kiran wannan aro.

A farkon noman rani, lokacin da masu injinan ban-ruwa suka cika bencin, wani kati ya yi ja ya ƙi motsi. Injin niƙa ne na wani Malam Adamu daga Jajimaji, ta ofishin Gashuwa ya shigo. Katin na cewa ana jiran kaya, alhali sito ya daɗe da fitar da su. Na tashi na je na duba. Na tarar da injin a kusurwa, ba nozul, ba famfon mai, an yashe shi sai gangar jiki.

Na ce wa babban makanikinmu, "Baba Bukar, ina kayan wannan?"

Ko ɗagowa bai yi ba. "Aro muka yi, 'yar nan. Mai shi bai matsu ba. Da ya matsu da mun gan shi."

Ana cikin haka manajanmu, Alhaji Modu, ya kira ni. Masu duba aiki za su zo daga babban ofis, ba ya son su ga ja a allo. A manhajar akwai wani zaɓi mai cewa "mai kaya bai waiwaya ba". In an danna shi katin ya rufe, a kai injin bayan gida cikin tarkacen da ake zarar ƙarafa.

Ya ce, "Kin kira lambar mai injin?"

"Na kira, ranka ya daɗe, a kashe take."

"To, danna mana mu huta."

Na ce a yi mini haƙuri tukuna. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ban taɓa ganin mai injin niƙa ya manta da abin da yake ci da shi ba. Jajimaji a kan hanyar Gashuwa take, da ma kuma zan je ofishinmu na can, sai na sauka a garin na yi tambaya har aka nuna mini gidan.

Malam Adamu ya rasu jim kaɗan bayan ya kai injin. Matarsa, Ya Falmata, na cikin takaba. Ta shimfiɗa mini tabarma kusa da rumfar niƙan, inda dakalin injin yake ba kowa a kai. Ashe ita ce ke niƙa wa matan unguwa, da shi take ciyar da 'ya'yanta, yanzu kuwa matan sun fara kai hatsinsu wani wuri.

Bayan na yi mata gaisuwa ta ce, "An faɗa mini a wurinku sai mutum ya je ya zauna. Kin ga ni ba ni fita. Ki roƙa mini su kada su jefar da shi, in na fita takaba zan zo in zauna ko wata nawa ne."

Wallahi kunya ce ta kama ni, sannan haushi ya biyo baya. Matar nan ba ta taɓa ganin manhajarmu ba, amma ta san ainihin dokar wurin aikinmu.

Washegari da safe na shiga ofishinmu na Nguru, na ɗauki kwamfuta da ledar goro na nufi benci. Na yi sallama, na raba wa alhazan da ke zaune goro, na zauna a gefe na kafa wa Baba Bukar ido.

Ya ce, "Lafiya, Hajiya? Fankarki ta lalace ne?"

Na ce, "Yau ba ni ba ce, Baba. Ya Falmata ce daga Jajimaji, mai injin can na kusurwa. Mijinta ya rasu, tana takaba, ni ta aiko in zauna mata."

Alhaji Modu ya leƙo ya ce in koma bakin aikina. Na ce ai a bakinsa nake, ga kwamfuta a cinyata, duk wanda ke son a buɗe masa kati ya same ni a nan. Ba zan danna zaɓin nan na rufe kati ba, ba kuma zan tashi ba sai katin ya kai "an gwada".

Wanda ya fara motsi wani manomin tumatir ne da ke kusa da ni. Ya ce, "Bukar, famfon da ka sa mini jiya, ba a can ka ciro ba? Cire ka mayar wa marayu. Nawa ya jira." Baba Bukar ya goge hannu ya jawo injin tsakiyar fili da kansa. Sai da na yi zaman bencin nan har rana ta juya, na kuma dawo washegari, sannan injin ya tashi da ƙarar da ta sa muka daina jin juna.

Manaja bai ji daɗina ba, masu duba aiki sun ga jansu. Amma daga baya shi ya sa hannu a dokar da kuke bi yanzu: ba aro sai an rubuta a katunan biyu, kuma ba a zara daga tsohon aiki a ba sabo.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mutanenmu ba marasa tausayi ba ne, wanda suke gani kawai suke tausaya wa. Mai zaman benci yana da baki da goro, zai nemar wa kansa. In kun ga kati ya yi ja, kada ku yi saurin rufe shi, wani ne da bai samu zuwa ba yake zaune a gabanku.