Gwaggon Wutsiya da Yashen Bakin Kogi

Ranar Talata, bakwai ga watan Janairu, na fara ganin ta. Ina sabon akawun ƙungiyar manoman rani, ta shigo ofis ta ajiye min albasa guda a kan tebur, ganyenta duk ya yi yaushi.

"Malam Akawu, rubuta wannan. Ƙishirwa ke damun ta."

Gonarta ce ta ƙarshe a kan magudanar da ke ɗauko ruwa daga kogi, shi ya sa ake ce mata Gwaggon Wutsiya. Tun rasuwar mijinta albasar nan ke ciyar da gidanta. Tsarinmu a lokacin, kowa da kowa ke haɗuwa a yashe bakin kogi inda yashi ke toshewa, sannan kowa ya gyara magudanar da ke gaban gonarsa. Na sama ba sa gyarawa, tunda ruwa na isa gare su ko ta yaya. Kafin ya ratsa ciyawarsu ya kai wurinta, bai fi na wanke hannu ba.

A taron da aka yi kafin yashe ta miƙe. Shugabanmu ƙanen mijinta ne, gonarsa kuma ita ce ta farko.

"Ƙanen miji, daga yau a bar ruwa ya kai wutsiya tukuna, a riƙa shayarwa ana hawowa."

"Matar yaya, ruwan ma sai kin koya masa tafiya?"

"Tafiya ya iya. A gonarka yake zama hira."

Aka yi dariya, aka ƙi. Ba ta yi musu ba. Ta bi manoman ƙasan magudanar gona-gona tana zuga su, ranar yashe ko ɗaya bai fito da shebur ba. Na sama suka shiga su kaɗai, yashi ya fi ƙarfinsu, ruwa ya ragu wa kowa. Albasarta ce ta fara kwantawa. Na je na same ta tana ɗebo ruwa a bokiti daga wani kududdufi, na ce ko za ta sassauta.

"Kullum haka nake gani, Malam Akawu. Su ne baƙin abin."

Da barkonon shugaba ya fara zubar da fure, shi da kansa ya tako har wutsiya, takalmi a hannu. Aka amince da tsarinta. Da yake yanzu na sama ba sa samun ruwa sai ya kai ƙarshe, su suka fi kowa saurin cire ciyawa.

Rabin albasarta ya mutu a waccan shekarar, sauran ya yi kyau. Daga baya aka ba ta riƙon makullin ƙofar da ke sako ruwa daga kogi, ta riƙe har gwiwa ta hana ta hawa gaɓa. Yanzu tana zaune wurin babbar 'yarta, surukinta ke noma gonar.