Muryata a Faifai, Hoton Wata a Bango

Lokacin da Yola take ƙarƙashin Jihar Arewa Maso Gabas, ni budurwa ce mai ɗinki a kasuwar Jimeta, gidanmu yana Wuro Hausa. Ba ni da wani kyau na a zo a gani, amma Allah ya ba ni murya, kuma na san ya ba ni. In ina taka keken ɗinki nakan rera waƙar daka ta Dada, wato mahaifiyata, wadda ta rasu ba ta bar mini komai ba sai wannan waƙar.

Wani mawaƙin zamani na unguwar Dubeli da nake ɗinka wa rigunan wasa ya ji ni. Ya ce mutanen kamfani za su zo daga Ikko da na'urar ɗaukar murya, ya riga ya samo mai jita daga Garwa ta Kamaru da mai kalangu daga Kano, abin da ya rage masa kaɗai shi ne in rera waƙar nan tawa ta zama amshi. Na yarda, amma da sharaɗin kada sunana ya fito. Bappa, ƙanin mahaifina da ya riƙe ni, kullum cewa yake waƙa a bainar jama'a roƙo ce, kuma zuriyarmu ba ta taɓa fitar da maroƙi ba. Aka ɗauke mu a wani ɗaki da aka toshe tagoginsa da katifu, na koma kan kekena kamar ban yi komai ba.

Faifan ya karɓu fiye da tunanin kowa. Teburin mai shayi, tashar mota, gidan biki, ko'ina shi ake sawa a garmaho, kuma kowa amshin yake jira. Sai wata rana na ga bangon faifan. Ga mawaƙin, ga wata fara mai rawa a ƙungiyarsa ta jingina da shi, wadda ko tari ba ta yi a ɗakin nan ba. Da na tare shi, dariya ya yi, ya ce ai ni na ce a ɓoye ni, kamfani kuma ba ya sayar da faifai babu fuska. Na haɗiye. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ranar da na ji ta a rediyo tana cewa a wajen mahaifiyarta ta koyi waƙar. Dada ta daka hatsi da wannan waƙa har tafin hannunta ya yi kanta.

Da suka shirya wasa da la'asar a filin Jimeta na je. Bappa yana gaba cikin manyan 'yan kasuwa. Aka zo amshi, baiwar Allah tana motsa leɓe, mazan ƙungiyar suna rufa mata asiri, jama'a suka fara ihu a ba su muryar faifai. Na miƙe na ɗauki amshin daga inda nake. Ban tsaya inda faifan ya tsaya ba, na zarce da baitin da Dada take tsokanar Bappa, ƙanin mijinta, da shi, irin wasan da ke tsakaninsu, mai satar gumba a turmi kafin a kwashe. Filin ya ɓarke da sowa. Bappa ya gane baitinsa, ya gane mai yi, ya kaɗe babbar rigarsa ya fita.

Bai sake cin abincin da na dafa ba har ya koma ga Allah, kuma wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Mawaƙin ma bai sake kawo mini ɗinki ba, ya huta na huta. Amma ba na nadamar miƙewar da na yi. Nadamata ɗaya ce, da na roƙi a ɓoye ni tun farko. 'Yan mata masu murya, in za ku yi waƙa ku yi ta da sunanku, in ba za ku iya ba ku bar ta a bakin turmi. Ni kunya na ji na bar gurbina babu kowa, wata ta shiga, har ta nemi ta haɗa da uwata.